Bappa Mai Tsince Magana

Ranar da aka kai Bappa makwancinsa, tabarmin unguwa ba su ishi masu gaisuwa ba, sai da samari suka ɗauko bencina daga cocin da ke bayan layinmu a Herwagana. Ni ina ciki wajen mata, amma ta zaure ina hango kawuna, masu hula da marasa hula, har bakin kwalta. Bappa ƙanin mahaifina ne. Allah bai ba shi haihuwa ba, sai aka ba shi ni tun ban iya ɗaura zani ba. Bai bar fili ba, bai bar mota ba, ko gidan da ya rasu a cikinsa ba nasa ba ne. Gidan haya ne na babban wansu, shi kuma aka ɗora masa kula da shi. Duk da haka, duk wanda ya shigo yi mana ta'aziyya da magana ɗaya yake gabatar da kansa: "A gidan Bappa na zauna."

Wata mata ta taso tun daga Tumfure a keke da goyonta, ta ce a ɗakin kusa da rijiya ta yi amarci. Wani mai furfura ya nemi izini ya shigo har tsakar gida, ya durƙusa gaban Dada, matar Bappa, ya ce lokacin da aka turo shi aikin asibiti daga Talasse bai san kowa a Gombe ba, Bappa ne ya nuna masa kasuwa, ya nuna masa coci, ya kuma nuna masa yarinyar da ya aura daga baya. Dada tana lulluɓe tana jan carbi, da kai kawai take amsawa.

Wadda ta kasa riƙe kanta ita ce Mama Malama. Tsohuwar malamar firamare ce daga Kaltungo, ta fi kowa daɗewa a gidan. A nan mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya da ya rage kuma yana can kudu yana fama da kansa. Ta kama hannuna da nata biyu, ta ce, "'Yata, yanzu wa zai riƙa tsince mana?"

Wata baƙuwa da ke gefena ta yi min raɗa, ta ce tsufa ya fara taɓa baiwar Allah, ana makoki tana zancen wake. Mu 'yan gida mun san abin da take tambaya. Ni kuma ina ɗauke da abin da nake ganin ita ba ta sani ba. Gidan yanzu na Hamma ne, babban ɗan marigayi wan mahaifina, shi ya gaje shi. Ya daɗe yana so a sallami 'yan haya, ya rushe, ya jera shaguna. Bappa ne kaɗai ke tsaye tsakaninsa da su, yau kuma mun rufe Bappa da ƙasa. Na kalli Mama Malama, na kalli labulen ɗakinta da ya koɗe, tsoro ya kama ni fiye da baƙin ciki.

Irin su Bappa ba a sa wa titi sunansu. In waɗanda suka zauna da shi suka tafi, shi ke nan. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani.

Kafin gwiwa ta hana shi, Bappa mai awo ne a kasuwa, ya yi shekaru cikin wake da gero da shinkafa. Da ya dawo zaman gida, hannunsa ya ƙi zama. Dada tana suyar ƙosai, shi kuma ya karɓe mata tsintar wake. Kullum da hantsi za ka same shi a kan bencinsa a zaure, faifai a cinya, tabarau a kan hanci, yana ware tsakuwa da ƙwari gefe guda. Abokansa sun yi masa tsiya har suka gaji. Suka ce ba su taɓa ganin Bafulatanin da ya bar sanda ya ɗauki faifai ba. Ya ce shanun ai ba su bar masa wasiyya ba.

A wannan zauren yake gudanar da gidan. Gidan haya kuwa, wanda bai zauna ba ba zai gane ba. Ɗakuna a jere, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, bayi biyu, ga mai salla ga mai zuwa coci, ga mai tashi da asuba ga mai dawowa daga aikin kwana. Rigima ba ta rasa ƙofar shigowa. Wani ya bar bokiti a hanya, wata ta kwashe shanyar wata tun ba ta bushe ba, ɗan wani ya yi fitsari a ƙofar wani. Mai ƙara zai taho zaure yana huci. Bappa ba zai ɗaga kai ba. Sai ya matsa gefe, ya ce, "Zauna. Taya ni." Ya tura masa tulin wake. Mutum ba ya iya tsintar wake yana ihu, tsakuwa za ta wuce masa, Bappa kuma zai ɗauko ta ya ajiye masa a gabansa ba tare da ya ce komai ba. Kafin faifan ya ƙare, muryar ta sauko. A nan ne zai yi tambayarsa, wadda ba ta taɓa canzawa ba: "To, me kake so ya faru?" In an ba shi amsa, sai ya kaɗe hannu ya ce, "Na ji. Bari in tsince."

Ma'anarta ita ce zai kai saƙon, amma ba yadda aka ba shi ba.

Yadda yake yi bai fito fili sosai ba sai ranar addu'ar uku. Mama Malama da matar tela suna zaune a tabarma ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Matar tela ita ce ta ɗakin da ke manne da na Mama, kuma duk unguwa ta san su biyun kamar uwa da 'ya suke. Mama ce ta koya wa babban ɗan matar tela karatu tun kafin a sa shi makaranta. Ana cikin tuna halin Bappa, sai matar tela ta ce, "Mama, ni fa ba na mance ranar da kika aiko min cewa Allah Ya raya min yaro. Ina sabuwar zuwa, ban san kowa ba. A ranar kika shiga raina."

Mama ta ce, "Ni na aiko?"

"Bappa ya kawo min. Ya ce kin ce Allah Ya raya, kuma akwai lungu bayan rijiya da iska ba ta kaɗawa, wutata za ta fi kamawa a can."

Mama ta sa bakin mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "Yarinya, abin da na ce shi ne, hayaƙinki ya mayar min da fararen kayan coci tsumma, in ba ki iya hura wuta ba ki koma wajen uwarki ta koya miki."

Matar tela ta zaro ido. Sai Mama ta ci gaba, "Bappa ya tambaye ni, ya ce, Malama, kina so yaronta ya rayu ko ba ki so? Na ce haba Bappa, wa zai ƙi? Ya ce to, zan gaya mata. Ashe abin da ya ɗauka ke nan." Ta juya ta kalli matar tela. "Ke kuma fa? Ya ce min kin ce muryata tana kai miki har ɗaki, jaririnki kuma lokacin yake samun barci, ko zan jinkirta waƙar safe har rana ta fito. Me kika ce na gaskiya?"

Matar tela ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce, "Na ce a gaya wa tsohuwar nan ta ishe mu, nan ba coci ba ne."

Ban san wadda ta fara dariya ba. Na dai ga sun rungume juna suna dariya suna hawaye, sauran mata suna cewa a yi a hankali ana zaman makoki. Dada ma sai da kafaɗunta suka motsa a ƙarƙashin lulluɓi.

Ni da shi mun taɓa yin faɗa a kan wannan. Kowa ya san ni, abin da ke cikina shi ne a bakina, har mijina yakan ce in ana neman wanda zai kai saƙon sulhu a tura ni can ƙarshen layi. Wata rana na zo daga gidana a Madaki, na tarar ya gama gyara wata magana mai zafi ta koma gaisuwa. Na ce, "Bappa, wannan ai ƙarya ce aka sa mata hula." Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya cire tabarau, ya ce, "Nuna min kalma ɗaya da na kai wadda mai ita bai yarda da ita ba." Na ce amma ai ka bar wasu a hanya. Ya ce, "Na bar su. Abin da mutum ya faɗa da zafi ba shi ne duk abin da ke cikinsa ba. Ni ragowar nake tambaya, ita nake kaiwa." Ranar bai raka ni bakin titi ba kamar yadda ya saba. Har yau akwai ranakun da nake ganin ina da gaskiyata, domin wani lokacin mutum yana bukatar ya ji ainihin abin da aka ce. Amma ni ban taɓa riƙe gida mai cike da mutane ba, shi kuwa ya riƙe.

Sau ɗaya na ga ya ƙi tsincewa. Akwai wani direba da ya kama ɗakin ƙarshe, mai fara'a a waje, mai saurin hannu a ɗaki. Ranar da matarsa ta fito ɗibar ruwa da kumburarren ido, Bappa bai jira an kawo ƙara ba. Ya ajiye faifai, ya tako da sandarsa har ƙofar ɗakin da rana tsaka, kowa yana gani. Ya ce, "Ka fito." Mutumin ya fito yana murmushi, yana cewa ai 'yar matsala ce ta cikin gida. Bappa ya ce, "Gidan nan ne cikin gidan. Ko hannunka ya tsaya, ko makullina ya dawo. Kuma yau zan je in ga iyayenta." Daga baya na zolaye shi, na ce yau ina faifan? Ya ce, "Wannan babu abin tsincewa a ciki, duk tsakuwa ce." Mutumin bai daɗe ba ya tashi. Matar ta koma gidansu, kuma tana cikin waɗanda suka zo mana gaisuwa.

Yana da nasa halin, ba zan ɓoye ba. Bappa mutum ne mai "gobe". Kwano zai yi yoyo, ya ce gobe. Marfin rijiya ya karye, ya ce gobe. In ba a tsaya masa a kai ba, goben nan takan kai wata. Ga taurin kai wajen zaɓen wanda zai ba ɗaki. In mai nema ya zo, ba ɗakin yake fara nuna masa ba. Sai ya zaga da shi ƙofa ƙofa ana gaisawa, yana kallon yadda yake gaida tsofaffi da yadda yake kallon yara. Yakan ce, "Ɗaki kowa zai iya gani. Maƙwabci nake so ka gani." Ya sha mayar da mai manyan kaya ya ba wanda ya zo da silifa. Mai aikin kwana yakan sa shi kusa da ƙofa don kada ya tashi mutane, mai jariri kuma kusa da tsohuwa.

Dada kuwa ƙorafinta ɗaya ne. Takan ce, "Duk duniya ana tsince mata magana, ni kaɗai ake kawo wa da tsakuwarta." Domin a ɗaki Bappa ba ya sakaya, in miya ta yi gishiri zai faɗa tun a loma ta farko. Shi kuma sai ya ce, "Ke ai haƙoranki masu ƙwari ne." Ta jefe shi da mafici. Haka suka tsufa.

Hamma ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, iyalinsa suna sabon gidansa a Tumfure. Ba mugu ba ne. Mutum ne da yake ganin tsohon gida a bakin titi mai ciniki, yana ganin abin da zai iya zama. Kuma katangar bayan gidan tana kallon wani kwari da ruwa ke ci duk damina. Na taɓa jin su a waya, domin Bappa yana ƙure murya saboda kunnensa. Hamma yana cewa, "Bappa, katangar nan za ta faɗi ta jawo min magana. Ba na barci saboda gidan nan. A ba su notis kawai kowa ya kama gabansa." Bappa ya ce, "Na ji. Bari in tsince."

A ranar addu'ar ukun nan, da Hamma ya shigo gaida Dada, tela da sauran mazan gidan suka biyo shi suka durƙusa. Tela ya ce, "Mai gida, sai haƙuri. Kuma mun gode da kulawa. Duk damina sai Bappa ya ce ka bugo kana tambayar katangar baya, ka ce ba ka barci saboda gidan nan. Ba kowane mai gida ke tuna 'yan haya haka ba." Hamma ya ce ba komai, ba komai, yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ya saci kallona, na kawar da kai.

Bayan mutane sun ragu, ya kira ni zaure. Bai zauna a bencin Bappa ba, a tsaye ya yi maganar. Ya ce, "Ke ce mai baki a gidan nan, ke za ki faɗa musu. Da zarar Dada ta fita takaba zan mayar da ita Tumfure wajen iyalina. Sauran kowa ya nemi wuri. Ba zan kawo dillalin gidaje ya yi musu wulaƙanci ba, shi ya sa na ce ke."

Na buɗe baki da niyyar in wanke shi tas, don kalmomin sun riga sun jeru. Abin da ya fito shi ne, "Na ji, Hamma. Bari in tsince."

Ya ce, "Kar ki fara min irin na Bappa."

Na koma Madaki da maganar. Na juya ta, na sake juyawa, ban samu tsaba ko ɗaya da zan kai wa Mama Malama ba. Ina za ta je da shekarunta? Wa zai ba tsohuwa ɗaki ya kuma sa mata maƙwabciyar da za ta leƙa ta da safe? Sai daga baya na gane na tsallake rabin aikin. Bappa ba ya tsincewa sai ya zaunar da mutum ya yi masa tambayarsa, ni kuwa a tsaye na karɓi saƙo. Na kira Hamma na ce kafin ya koma Abuja ya zo ya ga katangar da idonsa, tunda ita ce maganar.

Ya zo da hantsi cikin farar shadda. Muka zaga baya. Ya tsaya yana kallo. An yi wa katangar tokari da bulo da siminti, an jera buhunan yashi a bakin kwarin, an dasa ciyawar jema a gefen gangaren, magudanar ruwa kuma a share take. Tela ya ce ai tun da Bappa ya kawo saƙon mai gida suka mayar da shi aikin gayya kafin kowace damina, masu zuwa coci su yi ranar Juma'a, masu zuwa masallaci su yi ranar Lahadi. Hamma ya taɓa simintin, ya ce aikin ba zai riƙe ba har abada. Tela ya ce gaskiya ne, sun sani.

Da muka dawo ta zaure, sai muka tarar da Mama Malama a bakin bencin Bappa, faifansa a cinyarta, cike da waken Dada. Ban ce mata ta yi ba, ban ma san ta san ya zo ba. Ta matsa gefe, ta ce, "Mai gida, zauna ka taya ni. Idona ya mutu."

Ba a ce wa tsohuwa a'a a irin wannan. Ya tattare shaddarsa ya zauna. Ta tura masa tuli. Matar tela ta fito ta tsaya jikin ƙofa da muciya a hannu. Na ɗan jira har na ga yatsunsa sun fara sabawa, sannan na ce, "Hamma, me kake so ya faru?"

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ina so in rushe gidan nan, Mama. Gara ki ji daga bakina. Na daɗe ina faɗa, Bappa ne bai kawo muku ba."

Mama ta ɗauko wata tsakuwa da ta wuce masa, ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Mun sani, ɗana."

Shi da ni muka kalle ta tare.

Ta ce, "Ka ɗauka mu yara ne? Duk wanda ya ga ana tsincewa ya san akwai tsakuwa. Bappa ya kawo mana abin da za mu iya ci, muka ci. Amma ba wannan 'yata ta tambaye ka ba. Rushewa ai hanya ce. Me kake so ya faru?"

Ya daɗe yana motsa wake da yatsa. Sannan ya ce, "Ba na so a kira ni ina ofis a ce ginina ya danne ɗan wani. Wallahi shi ne. Duk lokacin da na ji an yi ruwa a Gombe sai gabana ya faɗi." Ya ture wata tsakuwa gefe. "Kuma ina son shago a gaban nan. Ba zan yi ƙarya ba, ina da yara a makaranta."

Mama ta ce, "To, ga biyu masu kyau ka faɗa. Babu wadda ta ce in kwashe kayana."

Hamma ya yi dariya ba da son ransa ba. Ya ce, "Ni ma fa Bappa yakan ce min 'yan haya suna gaishe ni, suna marmarin ganina. Me kuka ce na gaskiya?"

Matar tela ta ce daga bakin ƙofa, "Mai gida, ba za ka so ji ba."

"Faɗi."

"Mun ce mai gidan da ba a gani sai a waya, ko kwano ya yaye gaba ɗaya sai dai ya ji a labari."

Ya ce ya ji, kuma ya cancanta. Ya gama tulinsa kafin ya tashi, ya kaɗe ɓawon wake daga shaddarsa.

Ba a gama komai a ranar ba, kuma ba kowa ya ji daɗin yadda aka ƙare ba. An yi ta kai da kawo, ni ce 'yar aike, ina zuwa da zafina ina sauke shi a bakin zaure. A ƙarshe aka rushe katangar baya aka sake ta da ginin kirki, 'yan ɗakunan baya suka raɓa a na gaba har aka gama. Iyali ɗaya ba su iya jira ba, suka tashi, kuma na ji zafin tafiyarsu. Dada ta fita takaba ta ce babu inda za ta je, wa zai saya mata ƙosai a cikin gonakin Tumfure? Mama Malama tana ɗakinta, an ma canza mata labule. Abin da aka rasa shi ne zauren. Shi da ɗakin da ke gefensa aka fasa aka yi shaguna, aka buɗe wata 'yar ƙofa a gefe. Ranar da magina suka fitar da bencin Bappa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Tela ne ya kama shago ɗaya, keken ɗinkinsa yana daidai inda bencin yake a da, faifan kuma ya rataye shi a ƙusa saman kansa. In rigima ta taso ana sauko da shi, a aika a kira ni.

Ban iya ba kamar shi. Har yanzu tsakuwa tana wuce min, wani lokacin ma ni ce nake ƙara ta. Kwanakin baya Hamma ya bugo min waya ransa a ɓace, wai an gaya masa ana zuba ruwan wanki a gindin sabuwar katanga. Ya ce, "Ki gaya musu in ba su san darajar gini ba, wallahi ni..." Sai ya tsaya. Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "Ke dai ki tsince."

Na ajiye wayar na zauna, na daɗe ban tashi ba. Bappa, ka bar mu da gida cike da mutane, kuma har yau suna gaisawa da safe.

Ya Allah, ga bawanka ya zo Maka da faifansa. Akwai "gobe" da yawa a ciki, akwai taurin kai, akwai maganganun da ya kai wa Dada ba gyara. Ya yi rayuwarsa yana zubar da mafi munin abin da muka faɗa, yana kai mafi kyawunsa. Ka yi masa yadda ya yi mana. Ka zubar da tsakuwar, Ka karɓi tsabar.